Yadda Ake Tayar da Injin Motar da Ya Cije Saboda Tsatsa

Da farko kwance fulogogi duka. Haɗa man giya da kananzir rabi da rabi, ka zuba kamar cokali huɗu a kowane ramin fulogi, ka bar shi kwana uku zuwa bakwai. Tsatsa ce ta manne ringi (zoben da ke jikin fistin) da jikin silinda, kuma sai ta jiƙu take saki.

Sannan cire motar daga giya, ɗora sifana a kan notin fulin ƙasa (fulin da ke kan karanshaf, wanda bel ke zagayawa), ka riƙa motsa shi gaba da baya a hankali. Kada ka yi gaggawar buga sitata, ƙarfinta na karya ringi ko lanƙwasa kwanrod (ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf).

Idan injin ya juya, juya shi ba fulogi har man da ka zuba ya fito. Canza baƙin mai da filta, zubar da tsohon fetur, mayar da fulogogi, ka tayar.