Yadda ake adana tsohon allon Transputer a Kumasi

Idan allon cikin kwamfuta mai Transputer ya faɗo hannunka a wajen 'yan gwangwan na Aboabo, kada ka yi saurin jona masa wuta. Transputer wani nau'in ƙwaƙwalwar kwamfuta ne, kamfanin Inmos na Ingila ne ya fito da shi a 1985, don ƙwaƙwalen kwamfuta da yawa su raba aiki guda. Bai ɗore ba. Rubuta masa manhaja da harshen occam ya wahalar da mutane, ga kwamfuta mai ƙwaƙwalwa ɗaya tana ƙara sauri da araha kowace shekara. Ga kuma dokar Amdahl: in kashi 10 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, ko ƙwaƙwalwa dubu ka tara, saurin ba zai wuce ninki 10 ba.

Fara da ɗaukar hoton allon gaba da baya, lambobin su fito sarai. In akwai batir, cire shi, ruwansa kan bar koren tsatsa ya cinye layukan jan ƙarfe. Goge da buroshi mai laushi da sinadarin goge kayan lantarki na isopropyl, ban da ruwa. Laimar damina ita ce abokiyar gaba a nan, don haka sa allon a ledar kariyar lantarki, tare da ƙullin silika mai tsotse laima, cikin akwati mai murfi. Faifan manhajar kuwa, kwafe shi tun yau, ya fi allon saurin lalacewa.