Yadda ake gano matsalar wayar bodi da sensar salansa a mashin mai injekta

Wannan bayanin na masu mashin mai injekta ne, wato irin manyan babura na tokumbo da sababbin na Indiya da ake ta shigowa da su tun da can suka koma injekta a 2020. In Boxer ɗinka mai kafireta ce to babu sensar oksijin a jikinta, wato sensar da ke jikin salansa tana auna iskar oksijin da ke cikin hayaƙi, amma ka karanta ɓangaren wayar bodi, wato wayar da ke haɗa nagetif ɗin batir da jikin mashin, don ya shafe ka.

Abin da nake yawan gani wurin yaran gareji a nan Gombe shi ne da zarar fitilar inji ta kama a mita, mashin na shan mai kamar me, yana baƙin hayaƙi, silo ɗinsa, wato aikin inji ba a ba shi wuta ba, na hawa da sauka, sai a ce ai sensa ce, a tura mai mashin ya nemo sabuwa. A ɗaura, kwana kaɗan fitila ta dawo, an yi asarar kuɗi a banza kuma sensar nan ba arha ba. Sau da yawa lafiyarta ƙalau, hanyar da wuta ke bi ta koma batir ce ta lalace.

Fara da batir. Mashin a kashe mitar auna wuta (multimeter) ta nuna maka wajen 12.6V, in ya tashi ka ɗan ba shi wuta ta hau tsakanin 13.5V da 14.5V. In ba haka ba gyara wannan tukuna, kar ka taɓa komai.

To ga inda ake faɗuwa. Yaro zai sa mitarsa a wurin da take ƙara tiii, ya ɗora tsinke ɗaya a nagetif ɗin batir ɗaya a jikin inji, ta yi ƙara, ya ce oga bodi na kamawa. Wannan gwajin yaudara ne. Ko silin waya ɗaya ne ya rage a cikin kebul ɗin, sauran duk sun ruɓe, mita za ta yi ƙara saboda wutar da take turawa 'yar mitsitsiya ce. Kamar rariyar da ta toshe ce, ka zuba ruwan kofi ɗaya ya wuce, ranar da aka yi ruwan sama gida ya cika. Dole a gwada waya lokacin da take ɗauke da kaya.

Yadda za ka yi, mayar da mita kan DC volt, baƙin tsinke a kan sandar nagetif ta batir ita kanta, ba kan kan wayar ba, jan tsinke kuma a jikin inji inda babu fenti. Wani ya danna sitata kai kana kallon mita. Abin da ake so bai wuce 0.2V ba. In ka ga rabin volt ko fiye, to wuta na maƙalewa a hanya. Sake yin haka tsakanin batir da firem, fitila da sigina duk a kunne, ka danna hon ma. Sannan ka nemo inda ƙananan wayoyin bodi na biren-bos, wato kwamfutar da ke auna wa inji mai, suka haɗu a noti ɗaya, galibi ƙarƙashin tanki ko kusa da batir, ka auna nan inji na aiki, nan kam ko 0.1V ya yi yawa. Dalili shi ne ita sensar gaba ɗaya maganarta tsakanin 0.1V ne da 0.9V, to in wayar bodi ta ƙara mata 0.3V na ƙarya biren-bos zai ɗauka gaskiya ne ya dinga auna mai ba daidai ba.

Kwance notin ka duba. Za ka tarar da kan wayar ya yi kore ko fari-fari kamar gishiri, ko tsatsa a ƙarƙashi, musamman bayan damina ko mashin da ake kai wa masu wanki da injin feshi. Wanda aka yi wa sabon fenti ma haka, mai fenti ya fesa har wurin da waya ke zama. Goge da samfefa sai ƙarfe ya yi ƙyalli, ka ɗaure tam sannan ka shafa giris a sama. Kuma don Allah a daina murɗa waya da hannu a naɗe da salatif, sayi kan waya ka matse, kuɗinsa bai kai na lemon kwalba ba.

Sai yanzu za ka je kan sensa. Bar inji ya yi zafi sosai don ba ta aiki sai ta haura digiri 300. In mai waya huɗu ce, biyu masu launi ɗaya na hita ne, a irin na Bosch farare ne, baƙa ita ce sigina, ruwan toka ta bodi. Soket a jone ka zura siririyar allura ta baya ka auna siginar, ya kamata lamba ta dinga wasa sama da ƙasa tana tsallake 0.45V. In ta tsaya cak wuri ɗaya akwai magana. Cire soket ka mayar da mita kan om (Ω) ka auna tsakanin wayoyin hita, in mita ba ta nuna komai ba hita ta ƙone, a na'urar karanta matsalar inji lambarsa ita ce P0135, amma duba fiyus tukuna. Mai waya ɗaya kuwa ta jikin salansa take samun bodi, tsatsar zaren kaɗai ta isa ta rikita ta.

Duba kuma ko salansa na hura iska daga wuyanta, iskar waje na shiga sensa ta ce mai ya yi kaɗan. Kar a shafa gam ɗin silikon a wurin, yana kashe ta, haka injin da ke cin baƙin mai. In duk wannan lafiya sannan ka sayi sensa, ka nemi mai soket irin na mashin ɗinka, a goge lambar matsalar da na'ura, ka hau titin Dukku ko na Kumo ka ɗan yi tafiya ka ga ko fitilar za ta dawo.