Yadda ake jinyar ciwon firgici a wurin masanin halayyar ɗan Adam

Ciwon firgici yakan zo ba sallama. Zuciya ta riƙa dukan uku-uku, numfashi ya yi sama, gumi ya keto, yatsu su ɗauki rawa, mutum ya sakankance ajali ne ya zo. Yakan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin minti 10, sannan ya lafa. A gidaje da yawa sai a ce iska ce ko sammu. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma wannan ciwo yana jin jinya sosai.

A fara da likita. Ya duba zuciya, hawan jini, ƙarancin jini, sukari da sinadarin wuya mai kawo maƙoƙo, domin duk suna iya kwaikwayon firgici. A faɗa masa gaskiyar yawan goro, kofi da lemon ƙara kuzari da ake sha, har da tramadol in akwai. A Kaduna ana iya zuwa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. Masanin halayya ba ya rubuta ƙwaya, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne. Nasa aikin zama ne na minti 50 zuwa awa ɗaya, sau ɗaya a mako, galibi wajen zama 12, bisa tsarin gyaran tunani da ɗabi'a wanda Aaron Beck ya kafa a Amurka a shekarun 1960.

Zaman farko tambayoyi ne. Daga nan majinyaci zai buɗe littafi: duk lokacin da abin ya taso ya rubuta wuri, sa'a, abin da jiki ya ji, tunanin da ya faɗo masa, da ƙarfin tsoron daga 0 zuwa 10. A rubuta a ranar, don na jiya ƙwaƙwalwa takan ƙara masa gishiri.

Sai numfashi. Mai firgici yana haki da sauri, iskar da jiki ke fitarwa ta ragu a jini fiye da kima, shi ne ke kawo jiri da sanyin yatsu. A ja ta hanci daƙiƙa 4, ciki ya kumbura, a saki a hankali daƙiƙa 6. Minti 5, safe da yamma, lokacin da ake lafiya. Wanda ya jira sai abin ya taso ba zai iya ba.

Babban aikin shi ne tunkarar abin da ake gudu, mataki-mataki. A ɗauki matar da ta daina shiga Kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna tun da abin ya kama ta a can. Za ta fara tsayawa a bakin layinsu minti 15. Sai ta hau keke daga Tudun Wada zuwa bakin kasuwa tare da ƙanwarta, bayan nan ita kaɗai. Sai ta shiga da sassafe kafin a cika, daga ƙarshe da la'asar cikin cunkoso. A kowane mataki ta tsaya har tsoron ya ragu da rabi, misali daga 8 zuwa 4, ta maimaita sau 3 ko 4 a mako kafin ta wuce gaba. A ofis kuma masanin zai sa ta gudu a tsaye ko jujjuyawa a kujera, ta ji bugun zuciya da jiri da gangan, ta ga ba sa kashewa.

A nan aka fi samun matsala. In ta fice daidai lokacin da tsoro ya yi tsanani, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka gudun ne ya cece ta, gobe abin ya fi ƙarfi. Haka ɗan rakiya da ƙwayar da ake ɓoyewa a jaka: dole a janye su a hankali. Dangi ma, da tausayinsu na gaske, sukan ce "Yaya, ki zauna, ni zan je miki cefanen", ba su san suna ƙara ɗaure ta a gida ba. Diazepam na kemis yana kwantarwa nan take amma jiki na sabawa da shi, kuma wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke farat ɗaya sai da likita.

Ciwon ƙirji mai sauka zuwa hannu ko muƙamuƙi, suma, ko tunanin kashe kai, waɗannan ba a jira sai ranar zama da masanin. A nufi sashen gaggawa a take.