Yadda ake samun lasisin tuki a Ingila in ka je da na Najeriya

Duk wanda ya koma Ingila, ko karatu ne ya kai shi ko aikin kula da tsofaffi ko aure, tambayar da yake fara yi in ya ga tsadar jirgin kasa ita ce: ya ake canja lasisin Najeriya zuwa nasu? To amsar ba dadi. Ba a canjawa. Hukumar da ke ba da lasisi a can, DVLA, tana da jerin kasashen da take karbar nasu ta ba ka nata ba jarabawa, akwai Afirka ta Kudu, Zimbabuwe, Kanada, Ostareliya, Japan, Singafo, Hadaddiyar Daular Larabawa da wasu, amma babu Najeriya, babu Nijar, babu Ghana, babu Kamaru, Saudiyya ma bata ciki. Kai dai sai ka zauna jarabawa tun daga farko ko da shekara ashirin kayi kana zirga zirga a hanyar Kaduna zuwa Kano.

Amma suna da sassauci guda daya, kuma anan ne mutanenmu suke yin sakaci. An yarda ka tuka karamar mota da lasisinka na gida har wata 12, in dai bai kare ba, lissafi kuwa yana farawa ne daga ranar da ka zama mazaunin kasar, ba ranar da ka sayi mota ba. Zuwa gida hutu ka dawo baya sabunta watannin, lasisin kasa da kasa da wasu ke yi kafin su taho shima baya kara maka ko kwana daya. Mutum sai ya ga ai yana tuki lafiya lau ba wanda ya tare shi, ya manta, sai wata na goma yazo ya fara neman ranar jarabawa ya tarar layin yakai watanni. Shi yasa nake ganin tun ka sauka ka samu adireshi ya kamata ka fara.

Farko ka nemi lasisin koyo. A shafin gov.uk ake yi, fam 34 ta intanet, fam 43 in ta gidan waya ne da fom din D1. Za su so shaidar ko kai waye da izinin zamanka, da adireshin inda ka zauna. Don Allah gov.uk kawai, akwai shafukan da suke kama da na gwamnati su karbi kudin mutum kan abinda zai iya yi da kansa cikin minti goma. Karbar lasisin koyo baya hana ka tuki kai kadai da na Najeriya cikin wata 12 din nan, ba sai ka manna jan harafin L, alamar dan koyo, a mota ba. Sai dai jarabawar kanta suna so ace ka zauna a kasar kwana 185 cikin shekarar kafin ka yi ta, to ka ga kusan rabin lokacinka ya tafi, saboda haka watannin farko na karatu ne da koyo.

Sai tiyori, wato jarabawar sanin dokokin hanya, fam 23. Tambaya 50 ce a kwamfuta, sai ka ci 43. Daga nan a nuna maka gajerun bidiyo 14 na titi, kana ganin hadari na tasowa ka danna, wani yaro zai tsallaka ko mota zata fito daga lungu, maki 44 ake nema cikin 75, kuma in kana ta dannawa barkatai kwamfutar zata gane ta hana ka makin wannan bidiyon. Dole ka ci bangaren biyu a zama daya. Da turanci ake yi ko yaren Wels, tun 2014 suka daina yarda da tafinta. In ka ci, takardar shekara 2 take aiki, in baka ci na tuki ba a ciki to ka koma baya.

Na tukin shine ainihin wahalar. Fam 62 ranar aiki, 75 da yamma ko karshen mako, wajen minti 40. Kafin ka tada mota za a sa ka karanta lambar wata mota daga nisan mita 20, in kana da gilashi kar ka bar shi a gida don in ka kasa shikenan an gama. An yarda da kananan kurakurai har 15, amma babba guda daya ya kayar da kai. Abinda ke kayar da tsofaffin direbobi kuwa ba rashin iya rike sitiyari bane, sabo ne. Ka saba shiga shataletale da karfin zuciya, can kuwa sai ka jira wanda ke zuwa ta damanka. Ka saba leka madubi da gefen ido, shi mai jarabawa so yake ya ga ka duba kafin ka sa sigina, kafin ka rage gudu, kafin ka canja layi, ka waiga kafada kafin ka tashi daga gefen titi. Hon din da muke gaisawa da shi babu shi. Ga tuki a hannun hagu, wanda mu ma haka muke yi har 1972 da Najeriya ta koma dama, dattawa za su tuna. Ni shawarata ka biya malamin tuki mai rajista ko darasi kadan ne ya ga inda kake kuskure, kudin da ciwo amma faduwa sau uku da jiran sabuwar rana ya fi ciwo. Kuma kar ka sayi ranar jarabawa wajen 'yan bayan fage masu ninka kudi, ka rika leka shafin DVSA, hukumar da ke shirya jarabawar, mutane suna fasawa guri ya fito.

Ka yanke shawara tun wuri tsakanin otomatik da mai giya. In kayi jarabawa da otomatik, otomatik kadai lasisinka zai yarda ka tuka. In da mai giya kayi, duka biyun naka ne. Wanda aikinsa ke jiran mota kuma dama otomatik ya saba, gara yayi da ita ya huta da kulochi.

To in wata 12 ya cika baka ci ba fa? Ka koma lana. Sai ka manna L gaba da baya, sai da wani a gefenka wanda ya kai shekara 21 kuma ya shekara 3 da cikakken lasisi, babbar hanyar da suke cewa motorway kuwa sai da malamin tuki a motarsa. In ka fita kai kadai ka karya doka, kamfanin inshora ma zai iya zamewa in anyi hatsari. Tuki ba inshora tarar fam 300 ce da maki 6 na laifi, kuma sabon direban da ya tara maki 6 cikin shekara 2 na farko kwace lasisin ake yi ya sake jarabawa duka.

Wadanda suka zauna Dubai ko Kanada ko Afirka ta Kudu suka ci jarabawa a can, ku naku da sauki. Fom D1, fam 43, ku hada da asalin lasisin ku aika DVLA a Swansea, cikin shekara 5 da zama, duk da tuki da shi wata 12 ne kawai kuma. Sharadin shine jarabawar a kasar da ke cikin jerin aka yi ta, in da lasisin gida kayi musaya ka samu na can ba za su karba ba. Duk wannan bayanin na Ingila ne da Sikotilan da Wels, in Belfast ka sauka, wato Ireland ta Arewa, hukumarsu daban ce, DVA, can zaka nema.