Yadda za a kare bakin tafki daga masu gine-gine

Da farko dai kar ka share ciyawar bakin ruwa wai don wuri ya yi kyau, saiwarta ce ke riƙe ƙasa, cikinta kifi ke zuba ƙwai tsuntsaye su yi sheƙa. Gini kuma a ja shi baya sosai, kar a yi katangar siminti a bakin ruwa, don igiyar ruwa na dukanta ta dawo ta kwashe ƙasar gindinta. Taki da ruwan masai su ke kawo gansakuka, in ta ruɓe iskar ruwan ta ƙare kifi su mutu.

In kun ji za a yanka filaye, ku haɗa kai ku nemi rahoton tasirin aikin ga muhalli tun katafila ba ta iso ba, ku duba ko tafkin na cikin jerin Ramsar, yarjejeniyar kare dausayi ta 1971.