Yadda Za Ka Gwada Fentin Ruwa a Karon Farko

Nemi takarda mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita. Marar kauri tana lanƙwashewa da ta jiƙe. Manne gefunanta a jikin katako da salatif.

Launi uku sun isa: ja, shuɗi da rawaya.

Fitar da siffar abin da za ka zana da fensir, sama-sama. Sai ka jiƙa buroshi, ka fara da launi mafi haske. A nan fa ka kula sosai, domin farin da ke cikin zanen, farin takardar ne da kanta. In ka rufe shi, da wuya ya dawo. Bari launin da ka fara shafawa ya bushe sarai kafin ka ɗora mai duhu, kada su cakuɗe.

Wanke buroshin, ka shanya shi a kwance.