Yadda Mai Bi Zai Nemi Gafarar Allah Bayan Ya Faɗi Cikin Zunubi

Kada ka jira sai ka gyara halinka tukuna. Nan ne da yawa suke maƙalewa, suna ganin sai sun cancanta. Romawa 5:8 ta ce Almasihu ya mutu dominmu tun muna masu zunubi. A Luka 15 ma, ɗan da ya ɓarnatar da gadonsa yana daga nesa uban ya sheƙa ya rungume shi.

Ka keɓe, ka karanta Zabura 51, addu'ar Dawuda bayan annabi Natan ya tsawata masa. Sannan ka kira zunubin da sunansa: ƙarya, zina, cin amana. Mai cewa "ka gafarta mini in na yi kuskure" kewaye-kewaye yake yi, alhali 1 Yahaya 1:9 ta haɗa gafara da furtawa.

In akwai haƙƙin wani, ka mayar. Zakka, mai karɓar haraji, ya yi alkawarin biyan ninki huɗu ga duk wanda ya cuta (Luka 19:8). Ɗan Katolika zai je wurin fada, wato firist, ya yi ikirari. Ɗan cocin ECWA ko COCIN yakan nemi shawarar fasto.

Idan zuciya ta ci gaba da zarginka, ka daina maimaita roƙon kamar ba a ji ba. Karanta Zabura 103:12 da murya, ka yi godiya.